Asalin kalmar «panic»: yadda sunan abin bauta ya koma firgici

Kalmar «panic» ta Ingilishi, wadda ɗaliban Nijar suka fi sani da «panique» a Faransanci, tana nufin firgicin da kan faɗa wa mutum ko taro farat ɗaya, har tunani ya gushe. Ta bambanta da tsoro, wanda ake sanin dalilinsa, da kuma fargaba, wadda zullumin abin da ke tafe ce.

Asalinta daga Girkanci ne. Tsoffin Girkawa suna da abin bauta mai suna Pan, wanda suka ɗauka majiɓincin makiyaya da garkuna ne a tsaunukan Arkadiya, kuma suna siffanta shi da ƙafafu da ƙahonin akuya. Idan garke ya watse haka kawai, ko matafiyi ya razana a daji, sai su ce aikin Pan ne. Daga nan suka samar da sifa «panikon», wato «na Pan», suka haɗa ta da «deima», wato tsoro.

Sojoji ma an jingina musu irin wannan razana. Marubuci Pausaniyas ya ba da labarin mayaƙan Gol da suka kai wa Delfi hari a shekara ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikin dare suka zaci sun ji sukuwar dawakin abokan gaba, suka ruɗe, suka yi ta kashe juna. Ya danganta abin ga Pan.

Faransanci ya ari kalmar a matsayin sifa, kamar a «terreur panique», sannan Ingilishi ya karɓa daga gare shi wajen shekara ta 1600. Zuwa farkon ƙarni na 18 sai aka yar da sunan, sifar ta tsaya da ƙafarta. Irin wannan gutsurewa ce ta mayar da «téléphone portable» ta zama «portable», da «wayar salula» ta zama «salula». Bayan haka ma'anar ta faɗaɗa, ta shafi rububin cire kuɗi daga bankuna, kamar na Amurka a 1907, da kuma ciwon firgita da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa.

Akwai tarkon da ya kamata mai nazari ya kauce masa. A Girkanci akwai wata kalma «pan» mai ma'anar «duka», wadda ke cikin «panafricanisme», kuma su kansu Girkawa sun alaƙanta ta da sunan abin bautar. Masana da dama a yau sun fi karkata ga cewa sunan ya fito daga tsohon saiwar da ke nufin kiwo da tsaro, wadda ta haifar da «pastor», makiyayi a Latin. Kamannin furuci kaɗai ba hujja ba ce. Kafin a ce kalmomi biyu dangi ne, sai an bi tsoffin siffofinsu da ƙa'idojin sauyin sauti.