Fasali a kan Shigar Banu Isra'ila Ƙasa Mai Tsarki

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani ya ku muridai, Allah shi datar da mu da ku, labarin nan yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 20 zuwa ta 26. Da Allah ya fitar da Banu Isra'ila daga hannun Fir'auna, sai Annabi Musa, alaihis salamu, ya umurce su da shiga ƙasa mai tsarki. Malaman tafsiri sun ce ya aiki naƙibai 12, ɗaya daga kowace kabila, su leƙo ƙasar. Suka ga mutane ƙarfafa, suka komo suka tsoratar da jama'a, sai biyu kaɗai suka tsaya, Yusha'u ɗan Nun da Kalibu. Su biyun suka ce a faɗa musu ta ƙofa, a dogara ga Allah, rinjaye na nan. Jama'a suka ƙi, har suka ce Musa ya tafi shi da Ubangijinsa su yi yaƙin. Sai aka haramta musu ƙasar shekara 40, suna ɗimuwa cikin jejin Tihi.

Ku duba abin mamaki. Cikin jejin nan ba a yanke musu ni'ima ba. Gajimare na yi musu inuwa, mannu da salwa na sauka, dutse na ɓuɓɓugo da idanun ruwa 12. Ci da sha da inuwa duk akwai, isa ce babu. Wannan shi ne halin muridin da ya karɓi wuridi, yana jin daɗin zikiri, yana ganin mafarkai masu kyau, amma ran da shehinsa ya nuna masa ƙofa guda, ya ce bar hassadar wane, ko mayar da haƙƙin wane, sai ya ce ba yanzu ba. Shekara 20 tasbaha na hannu, yana nan inda aka bar shi. Masu ishara sun ce ƙasar ita ce zuciya, ƙarfafan cikinta kuwa son rai da girman kai da son shugabanci. Ishara ba ta kore zahiri, labarin ya auku kamar yadda aka faɗa.

Annabi Haruna da Annabi Musa duk ba su shiga ba. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa da ajalin Musa ya zo, ya roƙi Allah ya kusantar da shi ga ƙasar gwargwadon jifan dutse. Wanda aka buɗe wa shi ne Yusha'u, yaron nan mai yi masa hidima, wanda ya riƙe kifi a tafiyarsu zuwa ga Halliru. Mai ɗaukar guzuri ne ya zama mai ɗaukar tuta. Kada wanda aka sa shi sharar zawiya ya ga an wulakanta shi.

Fa'ida. Ya inganta cikin hadisi cewa wani annabi zai fita yaƙi, sai ya hana mutum uku bin sa: wanda aka ɗaura wa aure bai tare ba, da wanda ya gina ɗaki bai yi rufi ba, da wanda ya sayi dabbobi yana jiran su haihu. Jikinsu zai tafi, zuciyarsu na gida. Ya isa garin wajen la'asar, ya roƙi Allah aka tsayar masa da rana har ya ci nasara. Ruwayar Imamu Ahmad ta ambaci cewa Yusha'u ne aka tsayar wa rana. Suka tara ganima, wutar da ke saukowa ta cinye ta ta ƙi ci. Ya ce akwai ha'inci cikinku, kowace kabila ta fito da mutum guda ya yi mubaya'a. Hannun wasu ya manne da nasa, sai suka fito da zinariya mai kamar kan saniya. Da aka ajiye ta, wuta ta ci. Abu guda aka ɓoye, ya tsare karɓar na kowa.

Garin da da yawa daga malamai suka ambata shi ne Ariha, kusa da kogin Urdun. Masu tonon ƙasa sun haƙa tudunsa, daga cikinsu akwai Baturiyar Ingila Kathleen Kenyon, daga 1952 zuwa 1958, kuma har yau masana na jayayya a kan zamanin faɗuwarsa. Wannan aikinsu ne, murid ba shekara yake nema ba.

Saura mafi ɗaci. Da buɗi ya zo, kamar yadda yake cikin Suratul Baƙara, aka umurce su su shiga ƙofa suna masu ƙanƙan da kai, suna neman a sauke musu zunubansu. Azzalumai daga cikinsu suka shiga suna jan gindi, suka musanya kalmar neman gafara da zancen ƙwayar hatsi, don izgili. Iyayensu sun faɗi a bakin ƙofa saboda tsoro, su kuwa sun faɗi a cikinta saboda ganin kai. Sai azaba ta sauko musu daga sama.

Tammat.