Yadda Mai Barin Aiki Zai Bi da Kuɗinsa na Fansho

Ma'aikaci in ya tsufa ya koma garinsu, sau da yawa wurin Hakimi ko malaminsa yakan kai takardun fansho a karanta masa. Saboda haka ya kamata su san yadda sha'anin yake, gama akwai sa hannun da ba a warware shi.

A da Gwamnati ita kaɗai ke biyan fansho daga baitulmali. Dokar Tarayya ta 2004 ta sāke wannan, aka kuma gyara ta a 2014. Bisa ga gyaran, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuwa ya zuba kashi 10, ko fiye. Watau mai albashin naira 100,000 ana tara masa naira 18,000 a asusu mai sunansa. Kamfani guda ke juya kuɗin, wani dabam ke ajiyarsu, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tana duba su duka. Amma fa kowace jiha da dokarta, ba dukansu suka bi wannan tsari ba. Sai malami ya fara bincika wace doka ce ta hau kan mutumin.

To, ran da mutum ya bar aiki, in ya kai shekara 50, akan ba shi wani kashi a dunƙule, muddin abin da ya saura zai isa biyansa wata wata. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kowa so yake ya karɓi iyakar abin da aka yarda, ya yi gini ko ya aurar da 'ya'ya. Ba laifi ba ne, sai dai duk abin da aka ɗiba yau, daga tuwon gobe aka rage shi.

Sauran kuɗin hanya biyu gare su. Ta fari, a bar su wurin kamfanin fansho, yana juya su yana biyan mai su kaɗan kaɗan. In an sami riba mai kyau akan ƙara masa wani abu, in ya rasu kuma abin da ya rage na magadansa ne. Aibinta shi ne mai tsawon rai yana iya ganin ƙarshen ajiyarsa. Ta biyu, a miƙa kuɗin duka ga kamfanin inshora, shi kuwa ya ɗauki alkawarin biya har iyakar ran mutum. In ya rasu kafin shekara 10, a biya magada abin da ya saura na shekarun nan goma. In ya wuce su, ba su da kome. Har wa yau abin da ake biya galibi ba ya ƙaruwa, ga shi kuwa a 2024 tsadar kaya ta hau fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekara guda. Wanda ya bi hanya ta fari yana da ikon komawa ta biyu daga baya. Wanda ya bi ta biyu ba ya dawowa. Lalle a faɗa wa mutum wannan a fili tun bai ɗauki alƙalami ba, ko da wakilin kamfani yana zaune yana jira.

Mai ƙyamar kuɗin ruwa ba a bar shi ba. Tun 2021 akwai Asusu na Shida, wanda ake juya shi a sukuk da irinsu bisa Shari'a, amma sai mutum ya nema da kansa. Wanda kuma bai ji daɗin kamfaninsa ba, tun 2020 yana da damar sauya shi sau ɗaya a shekara.

Sa'an nan a sa mutum ya nuna wa iyalinsa lambar asusunsa da sunan kamfanin. Ba a sakin kuɗin mamaci sai da wasiyya ko takardar kotu, Hakimi kuwa shi akan fara nema ya shaida magada.