Idan Manhaja Ta Maƙale a Kwantena Mai Fayilolin NFS

Manhaja tana aiki a cikin kwantenar Docker, fayilolinta suna can a wata sabar ta hanyar NFS, sai ta tsaya cak. Abin da yawancinmu ke fara yi shi ne mu shiga kwantenar mu kunna strace don mu ga me take nema a wurin kanel. Shawarata ita ce ka fita daga kwantenar. Daga uwar na'ura, wadda ke ɗauke da kwantenonin duka, ake ganin abin da ke faruwa.

A ciki, strace yakan ƙi kama aikin, ya ce ba a ba shi izini ba. Dalili kuwa strace yana dogara ne da ptrace, kuma Docker ba ya bai wa kwantena ikon SYS_PTRACE sai an nema. Ubuntu ma tana da nata shingen: ptrace_scope na Yama yana kan 1, wato ba ka bin sawun aikin da ba kai ka haife shi ba. Wasu kan buɗe komai da --privileged don su huta. Kada ka yi haka a na'urar da jama'a ke dogaro da ita. Ka rushe katanga ne don leƙa ɗaki ɗaya.

Daga waje, fara da gano lambar aikin ta gaskiya. Wanda ke ganin kansa lamba 1 a ciki yana da wata lamba daban a uwar na'ura. Umarnin docker top zai nuna maka ita, layin NSpid a /proc/lamba/status kuma yana jera lambobin biyu. Sai ka ce strace -f -T -y -p da lambar, a matsayin root. Sunayen fayilolin da manhajar ke kira na cikin kwantena ne, don haka ka neme su a ƙarƙashin /proc/lamba/root.

Yanzu ga inda mutane ke ɓata yini guda. Wani lokaci strace ya kama aikin amma bai rubuta komai ba. Duba ps. In ka ga harafin D a gaban aikin, to yana barci ne a cikin kanel, mai yiwuwa yana jiran sabar, kuma strace yana ganin shiga da fitar kira ne kawai, ba abin da ke tsakani ba. NFS a bisa al'ada ana ɗaura shi da zaɓin hard, wanda ke sa na'ura ta ci gaba da jira har sabar ta dawo. Karanta /proc/lamba/stack, in sunayen da ke ciki sun fara da nfs ko rpc, manhajar ba ta da laifi. Sai dmesg, inda kanel ke faɗin cewa sabar ba ta amsawa. Sai tcpdump a tashar 2049, shi ma daga waje, domin in a uwar na'ura aka ɗaura fayilolin, zirga-zirgar ba ta bi ta kwantenar ko kaɗan. Ana jarabtuwa a bar hard a koma zaɓin soft don a daina maƙalewa, amma yana iya lalata bayanan da ake cikin rubutawa. Ni dai na fi son a gyara sabar.

In kuwa strace ya yi magana, kurakurai biyu ne suka fi yawa. EACCES ga wanda yake root yawanci aikin root_squash ne: sabar ta mayar da shi nobody, mai lamba 65534, don haka ka daidaita lambar mai amfani ta kwantenar da ta mai fayilolin. ESTALE kuma na nufin an goge ko an sauya fayil ɗin a sabar alhali ana riƙe da shi a nan. In babban kundin ne ya lalace haka, sake ɗaura shi a uwar na'ura, sannan ka sake tayar da kwantenar, domin tsohon ɗaurin take riƙe da shi.