BARIN SHAN TABA: WAHALAR KWANAKIN FARKO DA MAGANINTA

Da wuya a sami unguwar da ba a san wani mutum wanda ya yi rantsuwa ya bar taba ran Jumma'a, kafin Litinin kuwa aka gan shi a teburin mai shayi da karan sigari a baki ba. Jama'a sukan yi masa dariya, su ce ba shi da zuciya. Shi ma yakan ɗauka haka ne, har ya fid da rai. Alhali kuwa sau da yawa abin da ya kā da shi rashin sani ne. Ciwon kai da fushi da rashin barci sun taso masa, ba wanda ya gaya masa za su zo, ba kuma wanda ya gaya masa za su wuce.

Likitocin da suka bi sawun masu barin taba sun tarar yawancin waɗanda suka koma, cikin kwana takwas na farko suka koma. Sun kuma tarar cikin mutum 100 da suka bari da ƙarfin kansu kaɗai, ba magani ba mai ba da shawara, 3 zuwa 5 ne suke cin wata shida ko shekara ba su koma ba. Ashe kwanakin farko su ne mashigin da ya fi haɗari. Saboda haka aka shirya wannan darasi, domin mai niyyar bari da iyalinsa su san abin da ke gabansu tun kafin su isa gare shi.

ABIN DA KE RIƘE MASHAYI

Tun a shekarar 1950 waɗansu masana biyu na ƙasar Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna dangantakar shan sigari da ciwon daji na huhu. A 1988 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya ba da rahoto cewa sinadarin da ke cikin ganyen taba, wanda ake kira nikotin, yana kama mutum kamar yadda miyagun ƙwayoyi irin su hodar iblis suke kamawa.

Ga yadda abin yake. In mutum ya zuƙi hayaƙi, nikotin yakan bi ta huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Can sai ya sa mutum ya ji wani ɗan daɗi da natsuwa. Amma ba ya daɗewa, gama bayan kamar awa biyu rabin abin da ke cikin jini ya fita, sai jiki ya nemi ƙari. Wanda yake shan kara 20 a yini, yana zuƙar kowane kara kamar sau goma, ya ba ƙwaƙwalwarsa nikotin sau 200 ke nan kowace rana. In ya shekara goma yana haka, ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara zamanta bisa ga wannan ƙa'ida. Ran da aka yanke mata, tilas ta rikice kafin ta koma yadda Allah ya halicce ta. Wannan rikicewa ita ce wahalar da mai barin taba yake ji. Alama ce ta jiki yana komawa daidai, ba ta kuwa kashe mutum.

YADDA KWANAKIN SUKE TAFIYA

Alamun sukan fara ne tsakanin awa 4 zuwa 24 bayan karan ƙarshe. Sukan yi ta ƙaruwa har su kai matuƙa a rana ta biyu ko ta uku. Daga nan sai su soma sauka kaɗan kaɗan, yawancinsu kuma sukan tafi cikin mako uku zuwa huɗu. Yawan jin yunwa da ƙawar taba jifa jifa su ne sukan daɗe fiye da haka.

Ya kamata mai karatu ya lura da wannan sosai. Rana ta uku ita ce mutane da yawa sukan ce, "In haka zan zauna har abada, gara in koma." Ba haka zai zauna ba. Wanda ya kai rana ta uku ya riga ya hau ƙololuwar tudu, abin da ya rage gangara ce.

ALAMUN DA ABIN DA ZA A YI MUSU

1. Ƙawar taba. Takan zo da ƙarfi kamar za ta tsaga ƙirji, amma kowane tasowa ɗaya minti kaɗan yake yi, galibi uku zuwa biyar, ko an sha ko ba a sha ba. Aikin mai bari shi ne ya cinye waɗannan mintoci. Ya tashi daga inda yake zaune, ya kurɓi ruwan sanyi sannu sannu, ya ja numfashi mai zurfi sau goma, ya sa aswaki a baki, ya kama wani aiki da hannunsa. In ya duba agogo zai ga da idonsa cewa ta lafa.

2. Fushi da ƙuncin rai. Abin da dā ba ya damunsa, kamar kukan yaro ko jinkirin abinci, sai ya zame masa babban laifi. In ya ji zuciya ta taso, ya fita waje ya taka ƙasa na minti goma kafin ya buɗe baki. Kada ya yanke wata babbar shawara ta aure ko ta ciniki cikin makon nan.

3. Rashin tara hankali. Akawu yakan ga lissafi yana kuɓuce masa, tela ya ga yana ɓata ɗinki. Sai a rarraba aiki gutsure gutsure, a riƙa hutawa tsakani. Direban da zai yi doguwar tafiya ya fi kyau ya sa ranar barinsa ta faɗo lokacin da yake gida.

4. Rashin barci. Mutum yakan farka tsakar dare, wani lokaci ya yi mafarki yana shan taba. Maganinsa motsa jiki da rana, da kwanciya a kan lokaci ɗaya kullum, da barin goro da shayi tun daga la'asar.

5. Yunwa. Nikotin yana danne sha'awar abinci, in ya tafi kuwa harshe da hanci sukan farfaɗo, abinci ya ƙara daɗi. Masu bari da yawa sukan ƙara nauyin kilo 4 zuwa 5 cikin shekarar farko. Wannan bai kai kusa da cutar taba ba. Sai dai a sa aya ko karas ko gyaɗa kaɗan a aljihu maimakon alewa da lemon kwalba.

6. Taurin bayan gida. Hanji ya saba da zaburar nikotin, don haka yakan yi nawa na mako ɗaya ko biyu. A yawaita ruwa, da wake, da zogale, da alayyafo, da gwanda.

7. Tari da kaki. Cikin hanyoyin iska na huhu akwai waɗansu 'yan ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu share datti zuwa waje. Hayaƙi yakan kashe musu ƙarfi. In an bar taba sai su farka su kama shara, shi ya sa tari yakan ƙaru wa waɗansu na ɗan lokaci.

8. Ciwon kai da jiri da ƙurajen baki. Su ma sukan zo wa waɗansu, su tafi da kansu.

ZANCEN GORO DA SHAYI

Akwai wani abu da mashaya kaɗan ne suka sani. Goro da shayi da kofi duka suna ɗauke da wani sinadari mai hana barci, ana kiransa kafeyin. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fid da shi daga jiki. Da zarar an bar taba, hanta ta koma aikinta na asali, sai kafeyin ya riƙa daɗewa cikin jini. Watau goro biyar ɗin da mutum ya saba ci a yini sai su yi masa aiki fiye da dā nesa. Ga shi kuwa mai barin taba yakan ƙara cin goro domin ya sami abin sa wa baki. Daga nan sai faɗuwar gaba da makyarkyata da rashin barci, shi kuwa yana ɗora laifin duka a kan rashin taba. Abin da ya dace shi ne ya rage goro da shayi zuwa kamar rabi tun daga ranar farko.

SHIRI KAFIN RANAR

Hausawa sun ce, sabo turken wawa. Ban da nikotin, akwai sabo na hannu da na wuri: karan da ake sha bayan tuwo, da na teburin mai shayi, da na majalisar dare. Mai niyya ya zauna ya lissafta waɗannan lokatai, kowane ɗaya ya tanadar masa abin da zai maye gurbinsa. Sa'an nan ya tsai da rana wadda ba ta wuce mako biyu ba. Daren ranar ya fid da sauran sigari da ashana daga ɗaki da aljihu, a wanke tufafinsa da shimfiɗarsa. Ya gaya wa abokansa, ya roƙe su kada su miƙa masa, kada kuma su aike shi saye. In majalisarsu ta mashaya ce, ya ɗan ƙaurace mata na mako biyu.

Waɗansu sukan zaɓi watan azumi, domin mai azumi ya riga ya saba wuni ba hayaƙi. Dabara ce mai kyau, muddin ya tanadi abin da zai yi bayan buɗa baki, gama nan ne ƙawar takan fi ƙarfi.

Kada kuma a ruɗi kai da canji. Shisha da taba gari da lofe duk ganye ɗaya ne, nikotin ɗaya ne.

TAIMAKON ASIBITI

Neman taimako ba abin kunya ba ne. Akwai filasta da ake mannawa a fata, da cingam, da ƙwayar tsotsa, waɗanda suke ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi da kwaltarsa ba, a yi ta ragewa har a daina. Gwaje-gwaje sun nuna suna ƙara wa mutum damar cin nasara da kamar rabi. Akwai kuma ƙwayoyin haɗiya da likita kaɗai yake rubutawa. A watan Yuli na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodin warkar da mashaya taba, ta ce haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowane ɗaya shi kaɗai.

Mace mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari, da mai shan maganin asma ko na taɓin hankali, lalle su gaya wa likita za su bar taba, domin akwai magungunan da akan sake musu awo in an daina hayaƙi.

Akwai kuma alamun da bai kamata a jira su wuce ba: ciwon ƙirji mai tsanani, da sarƙewar numfashi, da kaki mai jini, da baƙin ciki mai nauyi har mutum ya ji rayuwa ta ishe shi. Waɗannan sai asibiti nan da nan. Haka kuma tarin da ya wuce mako biyu, musamman in akwai rama da gumin dare, a je a gwada ko tarin fuka ne.

AIKIN IYALI

Uwargida da yara da 'yan'uwa suna da rabo babba cikin wannan yaƙi, gama su ne suke shaƙar hayaƙin tare da maigida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu kuwa ba su sha, na wani suke shaƙa. Saboda haka in maigida ya yi faɗa ba dalili cikin makon farko, a yi masa uzuri. Kada a ce masa, "Gara lokacin da kake sha." Wannan magana ɗaya ta mai da mutane da yawa baya. A riƙa ƙidaya masa kwanaki, a tara masa kuɗin da dā yake kai wa mai tireda cikin gwangwani, ran cikar wata a zube a gabansa ya gani.

IN AN YI TUNTUƁE

Kara ɗaya shi ne ƙofar komawa, don haka "bari in ɗan zuƙa sau ɗaya" ita ce maganar da za a fi tsoro. Amma in ƙaddara ta sa mutum ya sha, kada ya ce shi ke nan ya sayi kwali. Ya jefar da sauran, ya duba abin da ya kā da shi, ya ci gaba a ranar. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da dama.

Ribar kuwa tana farawa tun wahalar ba ta ƙare ba. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya yakan soma sauka. Bayan awa 12, mugunyar iskar nan mai suna kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga garwashi da injin janareta, ta ragu a jini zuwa daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu sukan gyaru. Bayan shekara guda, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu zuwa kamar rabin na mai sha. Wahalar mako uku ko huɗu ke nan a gefe ɗaya, lafiyar sauran rayuwa a ɗaya gefen.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba.

TAMBAYOYI

1. A wace rana ce wahalar barin taba takan kai matuƙa?
2. Minti nawa ƙawar taba takan yi kafin ta lafa, me kuma za a yi cikin mintocin?
3. Don me ya kamata mai barin taba ya rage goro da shayi?
4. Waɗanne alamu ne suke bukatar a tafi asibiti nan da nan?
5. Wace magana ce bai kamata iyali su gaya wa mai barin taba ba?