Darasi: Lokaci da Hanyar Shuka Lablab da Sitailo Domin Dabbobinmu

'Yan'uwa manoma na Janfalan da kewaye, kowa ya san wahalar watan Maris da Afrilu. Kara ya ƙare, harawa ta yi tsada, shanun huɗa kuma su shiga damina a rame, su kasa jan garma. Maganin wannan yana cikin gonarmu, wato shuka lablab da sitailo. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana bincike a kansu, kuma tun shekarun 1980 aka gwada gonakin sitailo tare da makiyaya a yankin Kachia. Amma da yawa sun shuka bai tsaya ba, don sun kuskure lokaci ko hanya.

1. Lokaci
Kada ku bi ruwan farko na watan Mayu, gama sau da yawa yakan ɗauke, tsiron ya ƙone. Ku jira ruwa ya zauna, daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli. Wanda ya kai ƙarshen Agusta ya makara, domin ruwa yakan tafi a farkon Oktoba kafin saiwa ta kama ƙasa.

Idan a cikin masara ko dawa za ku sa, ku bari hatsin ya yi mako 4 zuwa 6 tukuna. In kun shuka su rana ɗaya, lablab zai naɗe hatsin ya rage muku abinci.

2. Hanya
Lablab ƙwayarsa babba ce kamar wake. A sa biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu.

Sitailo kuwa ƙwayarsa ƙanana ce, mai taurin ɓawo. A jiƙa ta minti 10 cikin ruwan zafi da aka sauke daga wuta ya ɗan huce, a shanya, sa'an nan a shuka sama-sama. Idan an binne ta da zurfi ba za ta fito ba.

Shuka a layi ta fi watsawa. Iri ba ya ɓata, ruwa ba ya kwashe shi, noman ciyawa kuma ya fi sauƙi. A sa takin supa, a kuma tsare wurin daga awaki, musamman a makonni shida na farko.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya
a) Nawa ka kashe a kan harawa bara?
b) Wane ɓangaren gonarka za ka ware bana?
c) Ta yaya za mu haɗa kai mu tsare gonakin bayan girbi?

Allah ya ba mu damina mai albarka.