Kafin Ku Ƙwanƙwasa Ƙofar Babban Kamfani

'Ya'yana, na ga da yawanku kun kama sana'a: wannan tana busar da tumatir, wancan yana tara nono daga rugage, wani kuma yana matsar man gyaɗa. Allah Ya yi albarka. Sai dai ina jin kuna maganar haɗin gwiwa da manyan kamfanoni tamkar masu jiran a raba zakka. Ku gyara wannan tunanin. Babban kamfani ba tausayi ke kawo shi wurinku ba, akwai inda ƙafarsa ba ta kaiwa, ku kuwa can kuke kwana.

A 2016 kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, jihar Kano, mai iya cinye tan 1,200 a rana. Ba a jima ba ta tsaya, domin tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta lashe gonaki, daga baya kuma aka yi ta ja-in-ja kan farashi. Ga injuna na maƙudan kuɗi, amma kwandon ƙaramin manomi ya gagara.

Abin ba yau ya fara ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kamfanonin Turawa sun matsu da son gyaɗa alhali ba su san ƙauye ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya goge a fataucin goro, yana da yara a kasuwannin karkara, mutane kuma sun yarda da maganarsa. Wannan yardar ita ce hajarsa ta gaskiya, gyaɗar biyo baya ta yi.

A zamaninku ga kamfanin Babban Gona, wanda Kola Masha ya kafa a jihar Kaduna a 2012. Yana haɗa manoma rukuni-rukuni, ya ba su iri da taki bashi, ya koya musu aiki, ya adana masararsu, sannan ya sayar wa irin su Nestlé. Ku lura, amfanin da jama'a ke samu yana cikin cinikin ne kansa, ba a buhunan shinkafar da ake rabawa da azumi ana ɗaukar hoto ba. Manomin da a da yake karyar da masara da kaka don biyan bashi, yanzu yana iya jira farashi ya tashi. Ni dai wannan nake kira taimako.

To amma ku san abin da ke jiranku a bakin ƙofa. Mota za ta tsaya, ma'aikaci ya soka tsinke cikin buhu, ya zuba ƙwayar a na'urar auna danshi. In ba ta bushe sosai ba, ko aka samu gubar nan ta funfuna da ake kira afulatoksin, duk lodin zai koma, kuɗin mota kuma a wuyanku. Ba ya jin "don Allah", ba ya sanin ɗan wane ne kai. Saboda haka aikinku yana farawa ne tun daga shanya: a kan tamfol, ba a gefen kwalta ba.

Sai maganar biya, wadda ta fi kashe ƙananan 'yan kasuwa. Kamfani na iya karɓar kaya yau ya ce sai bayan wata biyu ko uku. Ita kuwa Bafulatanar da ta kawo muku ƙwaryar nono da asuba, kuɗin cefanen yau take jira. Kada ku taɓa ɗora mata jinkirin kamfani. Idan jarinku ba zai ɗauki wannan tazarar ba, ku rage yawan kayan da kuka yi alkawari, ko ku nemi a ba ku wani kaso tun farko.

Ku yi rajista da hukumar CAC, mai abinci ya nemi lambar NAFDAC, ku riƙa rubuta shige da fice ko da a littafin makaranta ne. Kada kuma ku sallami tsofaffin abokan cinikinku na kasuwar Dawanau don kun samu kamfani ɗaya. Ranar da ya sauya manaja za ku neme su. Takardar yarjejeniya kuwa, ku kai wa lauya ya karanta muku, musamman wurin da ya faɗi wanda zai ɗauki asara idan an mayar da kaya, da ranar da za a biya.