IDAN AL'ADA TANA JINKIRI
Darasi a kan ciwon taruwar ƙwai

Jama'a, wannan takarda ta maigida ce da matan gida baki ɗaya. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba. Magana ce da a ke jin nauyinta, amma rashin sani ya fi dare duhu, kunya kuwa ba ta taɓa warkad da kowa ba.

Ni malamin asibitin ƙauye ne. Wata rana wata yarinya ta zo wurina tare da uwar mijinta. Shekararta 4 da aure, ba haihuwa. Al'adarta sai ta yi wata 3, wani lokaci har wata 5, ba ta zo ba. Duk sa'ad da ta yi jinkiri sai gida ya ɗauka ciki ne, in jini ya zo a ce ɓari ne. Da aka gaji sai aka ce kwantacce ne. An sayad da akuya 2 an kai wa masu magani, ba biyan bukata. Mijin har ya soma zancen saki. Na gwada fitsarinta, ba ciki. Na duba, na ga gashi a haɓarta, fatar wuyanta kuma ta yi baƙi. Sai na rubuta mata takarda zuwa babban asibiti. Abin da ke damunta shi za mu koya yau.

1. YADDA AL'ADA TA KE ZUWA

Kowa ya taɓa ganin an fiɗe kaza mai ƙwai. A cikinta a kan ga ƙwai a cure wuri guda, waɗansu ƙanana kamar gero, waɗansu sun tasa, ɗaya kuwa ya ƙosa yana shirin fita. To, mace ma tana da gidan ƙwai guda 2, ɗaya dama ɗaya hagun mahaifa, sai dai ƙwanta ƙanƙane ne ƙwarai. Kowane wata ƙwai da dama su kan soma girma, amma ɗaya ne ya ke ƙosawa ya fita. Kafin ya fita mahaifa ta yi shimfiɗa mai taushi domin ta karɓi ciki. Idan ƙwan ya gamu da maniyyin miji, ciki ya shiga. Idan bai gamu ba, bayan kamar kwana 14 sai mahaifa ta zubad da shimfiɗar. Wannan shi ne jinin al'ada.

Kun ga ke nan, fitar ƙwai ita ce ke jawo al'ada a kan lokacinta. In ƙwai bai fita ba, al'ada ta yi jinkiri, ciki kuma ba shi da hanyar shiga a wannan wata.

2. MENE NE WANNAN CIWO?

Likitoci su kan rubuta shi PCOS a kati. Mu ce masa ciwon taruwar ƙwai. Ƙwai su soma girma su da yawa, sa'an nan su tsaya a rabin hanya, ba wanda ya ƙosa balle ya fita. Ba ƙari ba ne, ba ruɓewa ba ce, ƙwan kuma ba su ƙare ba.

Dalilinsa yana cikin jini. Akwai waɗansu sinadarai masu kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gidan ƙwai. Kowace mace tana da sinadarin maza kaɗan a jikinta. Mai wannan ciwo nata ya kan ɗara. Akwai kuma wani sinadari, insulin, mai shigad da sukari cikin tsoka. Da yawa cikin masu wannan ciwo jikinsu ba ya jin insulin sosai, sai jiki ya yi ta ƙara shi, yawansa kuwa ya kan ƙara sinadarin mazan, ya hana ƙwai ƙosawa.

Ba sabon ciwo ba ne. A shekarar 1935 waɗansu likitoci biyu, Stein da Leventhal, a birnin Shikago na Amurka, suka yi bayaninsa a kan mata 7. Yana ko'ina a duniya, ya kan sami kamar mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ba a gano nasu ba su kan kai har 70 cikin 100. Ya kan bi dangi. Ba a ɗaukarsa wurin kowa. Ba ciwon sanyi ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa alhakin wani laifi da matar ta yi ba.

3. ALAMUNSA

(a) Al'ada ta riƙa jinkiri, ko ta ɗauke watanni, ko ta zo ba tsari. Wani lokaci in ta zo bayan jinkiri sai ta yi yawa.
(b) Gashi mai kauri a haɓa, ko leɓen sama, ko ƙirji, ko ƙasan cibiya.
(c) Ƙurajen fuska masu naci bayan an wuce ƙuruciya.
(d) Gashin tsakar ka ya riƙa raguwa.
(e) Ƙiba, musamman ta tumbi. Amma ku lura, siririya ma tana iya samunsa.
(f) Fatar wuya ko hammata ta yi baƙi ta yi kauri. Ba dauɗa ba ce, kada a dame ta da cuɗa ko man bilicin.
(g) Daɗewa ba a sami ciki ba.

Ba lalle mace guda ta haɗa su duka ba.

4. KI ƘIDAYA KWANAKINKI

Uwargida, ga aikin da ba wanda zai yi miki shi. Ki sami ƙoƙo da ƙwayar masara. Ranar da jini ya soma zuwa ki jefa ƙwaya 1. Kullum da safe ki ƙara 1, ko akwai jini ko babu, har ranar da jini na gaba ya soma. Sa'an nan ki juye ki ƙidaya, ki sa a rubuta miki, ki soma sabo.

In kin sami 21 zuwa 35, lafiya lau. In ya kasa 21, ko ya wuce 35 a kai a kai, ko al'ada ba ta kai sau 8 a shekara ba, ko ta taɓa yin kwana 90 ba ta zo ba alhali ba ciki ba goyo, to, ki zo asibiti da lissafinki. Lissafin nan ya kan taimaki likita fiye da dogon labari.

Iyaye, yarinyar da ta soma al'ada ba lalle ta daidaita nan da nan ba. Shekarar farko rashin tsari ba kome ba ne. Amma in ta yi kwana 90 ba ta gani ba, a kawo ta, kada a soma da zargi da duka.

5. ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Da farko za a gwada fitsari, domin babban abin da ke ɗauke al'ada shi ne ciki. Nan ne maganar kwantacce ta ke ƙarewa. Cikin ɗan Adam kamar mako 40 ne daga ranar da jini na ƙarshe ya soma. Ɗa mai rai ba ya barci ya daina girma. In akwai ciki, gwaji da hoto za su nuna. In babu, kada a zauna shekaru ana jiran ya tashi.

Sa'an nan za a ɗebi jini, domin akwai waɗansu cututtuka masu kama da wannan. Akwai ciwon halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura a ke ce da ita maƙoƙo. Akwai kuma yawan sinadarin nono, har mace ta ga ruwan nono ba ta goyo. Kowanne maganinsa dabam.

In an kau da waɗannan, sai likita ya bi ƙa'idar da masana suka shirya a birnin Rotadam na ƙasar Holan a shekarar 2003. Abu 3 a ke dubawa: al'ada marar tsari; alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a jini; da hoton ciki mai nuna ƙananan ƙwai da yawa. Sai an sami 2 cikin 3 za a ce ciwon ne. Saboda haka hoto kaɗai bai isa ba. Budurwa kuwa wadda ba ta kai shekara 8 da soma al'ada ba, ba a dogara da hotonta, gama yara da yawa masu lafiya haka nasu ya ke nunawa.

Za a kuma auna nauyi, da hawan jini, da sukari, domin mai wannan ciwo ta fi sauran mata haɗarin ciwon sukari.

6. MAGANAR HAIHUWA

Ku riƙe wannan da kyau: mai wannan ciwo ba juya ba ce. Ƙwai suna nan, fita ce ta ke yi musu wuya. Mafi yawansu su kan haihu, waɗansu haka nan, waɗansu da taimakon magani.

Ka'ida ita ce ma'aurata su nemi likita in sun shekara ba ciki, ko wata 6 in matar ta wuce shekara 35. Amma wadda al'adarta ba ta da tsari kada ta jira shekara, ta zo tun da wuri.

Mai ƙiba, in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, sau da yawa al'ada ta kan daidaita. Watau mai kilo 80 ta rage kilo 4 zuwa 8. Ba yunwa a ke so ba. A rage malmalar tuwo, da sukari a koko da shayi, da lemon kwalba, da soye-soye. A ƙara wake, da zogale, da rama, da alayyafo. A motsa jiki minti 30, kwana 5 a mako. Daka, da shara, da zagaya tsakar gida da sauri duk suna ciki. Ƙwayoyin ƙiba na kasuwa kuwa a guje su, su kan ƙara rikita al'ada.

Akwai ƙwayoyi masu sa ƙwai ya ƙosa ya fita. Wanda a ke somawa da shi yanzu shi ne letirozol, akwai kuma kulomifin. Kwana 5 a ke sha a farkon al'ada. Wani lokaci a kan haɗa da metfomin. Kada ku saya da kanku a kemis. Likita ne zai tabbatad da babu ciki tukuna, ya auna yawan da ya dace, ya bi sawu. Shan su barkatai ya kan kumbura gidan ƙwai, ko ya kawo cikin 'ya'ya fiye da ɗaya mai haɗari. In ƙwaya ba ta yi ba, akwai allura da waɗansu dabaru a manyan asibitoci.

Tun da ba a san ranar fitar ƙwanta ba, miji ya riƙa kusantarta kowane kwana 2 ko 3 cikin kwanakin tsarki, gama maniyyi ya kan yi har kwana 5 da rai a jikin mace, ƙwai kuwa kwana 1 kawai. Mai neman ciki ta soma shan folik asid tun kafin ya shiga. In ya shiga ta je awo da wuri, ta gaya musu ciwonta, domin a sa ido a kan sukari da hawan jini.

7. WADDA BA TA NEMAN CIKI YANZU

Kada ki ce tun da jini ba ya zuwa kin huta. In shimfiɗar mahaifa ta daɗe ba ta zuba ba ta kan yi kauri, bayan shekaru kuma tana iya juyewa ciwon daji. Saboda haka kada a bar ta ta wuce kwana 90. Likita zai ba da ƙwayar da za ta sauko da jinin, ko ƙwayar tazarar haihuwa, wadda ke daidaita al'ada ta kuma rage gashi da ƙuraje a hankali. Ba ta kashe mahaifa. Ki kuma sani ƙwai yana iya fita ba zato, ciki ya shiga.

Ciwon ba ya warkewa ɗungum, amma ana sarrafa shi, mace ta yi zamanta lafiya.

A kai mace asibiti ran nan ran nan in jini yana jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko tana jiri, ko ciwon mara mai tsanani ya taso bayan ɓatan wata, ko kuwa muryarta ta buɗe gemu ya fito cikin 'yan watanni.

8. GA MAIGIDA DA UWAR MIJI

Maigida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rashin haihuwa sau da yawa daga wajen namiji ya ke, ko daga su biyun. Gwajin maniyyi ba wuya, ka yarda a yi maka tun farko, kada a yi ta ɗura wa matarka magani a banza. Kuɗin da za ka kai wa mai tallar magani a mota, ka yi kuɗin motar asibiti da shi. Addu'a ba a barinta, neman magani kuma ba ya hana ta.

Iya, gori ba ya kawo jika. Waɗannan mata su kan yi fama da damuwa da baƙin ciki fiye da yadda a ke zato. Kada a yi mata dariyar gashi, kada a bar kishiya ko dangin miji su riƙa yi mata habaici.

Yarinyar nan da na ba ku labari, mijinta ya haƙura ya raka ta. Aka gano ciwon, ta gyara cimarta, ta sha magani a hannun likita. Ba a yi nasara a watan farko ba, ko na biyu. Sai da aka fi shekara ana kai da kawowa, sa'an nan ta zo mini awon ciki. Ba kowa ce za ta samu a lokaci guda ba, haihuwa ta Allah ce. Amma shekara 4 ɗin da suka ɓata a kan kwantacce, da sun zo tun farko da ba a yi asararsu ba.

TAMBAYOYI

1. Daga wace rana a ke soma jefa masara a ƙoƙo?
2. Kwana nawa al'ada za ta ɗauke a ce lalle a je asibiti?
3. Waɗanne abubuwa 3 ne likita ya ke dubawa?
4. Don me ba a sayen maganin fitad da ƙwai a kemis?
5. Wane gwaji ne maigida zai yi?

In akwai abin da bai fito muku sosai ba, ku tambayi malamin asibiti ko ungozomar da ke kusa da ku. Allah ya ba mu lafiya da zuriya mai albarka, amin.